Huji Shida

Tun da hantsi Basira take kai da kawowa cikin atiliye, ɗakin aikin ƙarfe, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta buɗe taga ta sake rufewa. Ɗalibai sun tafi hutun mako biyu. Gida zafi ya hana zama, nan ɗin ma bai zaunu ba. Shekararta huɗu tana koyar da sassaƙar ƙarfe a wata cibiyar koyon sana'a a Tasawa, kuma duk bazara haka take yi mata.

A kusurwar gabas injin yake, tur mai kwamfuta, wato injin sassaƙar ƙarfe, girmansa ya kai ƙaramar mota. Ana ɗaure ƙarfe a bakinsa, sai burosh, wato sandar da ke juya ƙarfen, ta ɗauki gudu, wuƙa ta matso ta fere shi yadda aka rubuta. Yana kuma iya tsayar da sandar cak a kusurwar da aka umarce shi, ya riƙe ta, ƙarfen huji ya zo ya huda. Shekara uku da kawo shi, amma ban da roba da alminiyam na gwajin ɗalibai bai taɓa cin komai ba.

Tana goge gilashin ƙofarsa karo na biyu ta ji moto ya tsaya a waje. Yayanta ne, Wada, mai gyaran famfunan foraj, wato rijiyoyin burtsatse, a ƙauyukan Mayahi. A bayansa wani dattijo dogo ya sauko, da rawani da sanda. Wada ya shigo da buhu a kafaɗa, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba ya zazzage shi a kan tebur.

"Duba nan, Basira."

Faifai biyu ne na ƙarfe, kowane faɗinsa kamar tafin hannun babba. Su ke haɗa injin man gazuwal da famfo. Ɗaya yana da ƙusoshi shida masu kauri a tsaye, ɗayan yana da huji shida inda ƙusoshin ke shiga. Mai ƙusoshin lafiyarsa ƙalau. Mai hujin ya tsage gida uku.

"Na foraj ɗin arewacin Isawan ne," in ji Wada. "Sau biyu ina liƙe shi da wuta, shina sake ɓallewa. Wanga ma ba na asali ba ne. Bara wani ya yi mini shi da hannu, hujin bai zauna daidai ba, famfo ya yi ta rawa har ya fasa shi. Na buga Yamai, sun ce sabo sai kwana tara."

Basira ta juya ga dattijon ta durƙusa kaɗan. "Sannu da hanya, Baffa. Ga kujera."

"Yauwa, ɗiyata. Bar kujerar." Sunansa Hamidu. Ya jingina da sandarsa, ya sake miƙewa. "Yau kwana uku babu ruwa. Tsohuwar rijiya gaba arba'in ce, laka ake jawowa, garke bakwai ke bisa kanta. Ƙanena Lurwanu ya ce in rana ta yi sanyi yau zai kora shanu kudu. Tafiyar kwana biyu ce. Manya za su kai. Maruƙa da masu ciki, Allah kaɗai ya sani."

"Da la'asar ke nan?"

"Da la'asar."

Ta dubi agogon bango. Tara da rabi ta wuce. Daga Tasawa zuwa can, in hanya ta yi kyau, awa biyu da wani abu.

"Ƙarfe fa, Yaya?"

Wada ya ciro wasu dunƙule biyu daga gindin buhun. Ya yanko su ne daga sandar wani tsohon injin matsar gyaɗa. "Iyakar abin da na samu ke nan. Biyu."

Makullin gurup, janaretan cibiyar, yana hannun dirakta, Mushe Imrana, wanda gidansa ke cikin harabar. Wutar gari a wannan wata ba a dogara da ita, kuma in ta ɗauke injin yana tsakiyar yanka, wuƙa ce za ta karye. Ya zo da silifas da carbi, ya saurari bayanin yana jujjuya tsagaggen faifan.

"Madam Basira, kin san in abin nan ya lalace, mai gyaransa daga Yamai zai taso. Kin san wata nawa za mu jira."

"Na sani, Mushe."

"Kin taɓa yanka ƙarfe irin wanga a kansa?"

"A kan wani, lokacin da nake karatu. A kan wannan, a'a."

Imrana ya dubi Hamidu, wanda ya je ƙofa ya leƙa rana ya dawo. Sannan ya miƙa wa Basira makullin. "Abu guda. Rubuta abin da kike so, amma kada ki shiga paramet." Yana nufin lambobin da masu ƙera injin suka saka a can cikin ƙwaƙwalwarsa, waɗanda ba a buɗe wa ɗalibai. "Wannan ba hurumina ba ne, ba naki ba."

"To, Mushe."

Gurup ya tashi, allon injin ya kawo haske. Basira ta ɗaure ɗankwalinta tam, ta tura bakin mayafi cikin rigar aiki. Ta auna faifai mai ƙusoshi ta ko'ina, ta rubuta a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, ta sake aunawa. Sannan ta tsaya gaban allo tana danna lambobi. Gudun da ɗalibai suka saba, juyi dubu da ɗari biyu a minti, na alminiyam ne. A kan wannan ƙarfe zai ƙone wuƙa nan take. Ta yi lissafi da faɗin dunƙulen, ta rubuta S450, ta bi shi da M3, umarnin da ke tayar da sandar.

Ta rufe ƙofa, ta ce bismillah, ta danna.

Da wuƙar ta taɓa ƙarfe sai wata ƙara ta tashi mai kashe haƙori, kamar ana kankarar gindin tukunya da cokali. Tebur ya ɗauki rawa. Imrana, da ya ce zai koma gida, ya dawo daga bakin ƙofa da sauri. Basira ta janye wuƙar ta tsayar. Fuskar ƙarfen ta yi gurji-gurji.

"Mi ya faru?" in ji Wada.

"Gudun bai yi mishi ba. Ƙarfen ya fi yadda na zata tauri."

Ta rage zuwa ɗari huɗu. Ƙarar ta ragu, ba ta tafi ba. Ta sake ragewa, ɗari uku da sittin. Wannan karon wuƙar ta shiga da wani gurnani mai laushi, ɓawon ƙarfe ya fara zubowa a nannaɗe, ruwan ƙasa-ƙasa. Ta saki numfashi. Tana kallon allo ta ga lambar gudun tana ɗan tsalle, ɗari uku da sittin, da hamsin da biyu, da saba'in, alhali kunnenta bai ji sautin ya canza ba. Ta ce a ranta gurup ne, ta ci gaba.

Hamidu bai zauna ba. Yakan tsaya daf da gilashi ya ƙura ido, ya fita ya ɗaga waya sama yana neman rezo, ya dawo. Wada ya jera makullansa a ƙasa, ya kwashe, ya sake jerawa. Kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas da zafi.

Sha ɗaya da rabi faifan ya fito sumul, da wuyansa da ramin tsakiya. Saura huji shida. Ta rubuta M19, umarnin da ke cewa sanda ta juya ta nemi mazauninta ta tsaya, ta ba shi kusurwa: sifiri, sittin, ɗari da ashirin, har zuwa ɗari uku. Duk lokacin da layin ya zo, sandar takan yi wani juyi da sauri, ta ci birki kaf, ƙarfen huji ya sauko. Sau shida haka.

Ta kwance faifan da tsumma saboda zafi, ta ɗora a tebur. Wada ya ɗauko mai ƙusoshin ya kifa a kai. Ƙusa uku suka sami ƙofa. Sauran ukun suka tokare a baki. Ya juya, ya sake gwadawa ta wani gefe. Haka dai.

 Wada ya laluba jakarsa ya ciro magagari.

"Bari in ɗan buɗa su. Kaɗan ne."

"Ajiye, Yaya."

"Basira, lokaci—"

"Abin da ya fasa na bara ke nan, kai ka faɗa da bakinka. In ka buɗa, mako guda zai yi."

"Mako guda ma ruwa ne!"

"In ya tashi fashewa ya tafi da sandar famfon fa? Ita ma kwana tara?"

Wada ya jefa magagarin cikin jaka ya fita. Basira ta koma gaban allo ta bi rubutunta layi-layi da yatsa. Sittin, ɗari da ashirin, ɗari da tamanin. Babu kuskure. Ta sake bi. Gumi ya gangaro mata cikin ido. Dunƙule ɗaya ya rage a kan tebur, ba ta ko son kallonsa.

Wayar Hamidu ta yi ƙara. Ya fita tsakar rana, ya juya harshe zuwa Fulatanci, muryarsa tana hawa tana sauka. Ba ta jin yaren, amma ta ji sunan Lurwanu sau uku. Da ya dawo sai ya tsaya a bayanta, ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, ni ban san aikinku ba. In tambaya?"

"Tambayi, Baffa."

"Abin nan da ke riƙe ƙarfen, akwai wani ɗigon fenti rawaya a jikinsa. Da kika fara, kafin hujin farko, a nan ya tsaya." Ya nuna da bakin sandarsa a kan gilashi. "Da kika gama kika ce ya koma, ban ga ya koma nan ba. Ya ɗan gota. Ko haka ake yi?"

Basira ta juyo ta dube shi. "Ya gota?"

"Kamar faɗin yatsa."

Ta ɗauko alli ta ja layi a bakin injin, ta ja wani a jikin bangon da ba ya motsi, suka haɗu. Ta rufe ƙofa, ta ba da M19 da sifiri, babu ƙarfe a ciki. Sanda ta juya, ta ci birki. Layi ya haɗu. Ta sake. Ya haɗu. A karo na uku layin bakin injin ya tsaya gefe, alhali allo yana nuna sifiri, hankalinsa kwance.

"Yaya Wada! Zo da makulli mai lamba goma!"

Suka kashe injin, suka kwance murfin baya. A can ciki, bayan babban bel, akwai wani ɗan siririn bel mai haƙora da ke haɗa sandar da wani ƙaramin akwati. Akwatin nan shi ke ƙirga juyi, shi ke gaya wa kwamfuta gudun sanda da inda take. Wada ya danna bel ɗin da yatsa, ya lotsa kamar igiyar shanya.

"Zafi ya cinye shi," in ji shi. "Shekara uku cikin wanga ɗaki."

"Shi ya sa lambar ke tsalle ɗazu," in ji Basira. "In birki ya kama da ƙarfi, sai ya tsallake haƙori. Injin bai san ya tsallake ba."

Babu irinsa a Tasawa, wannan ko tambaya ba su yi ba. Wada ya sassauta akwatin ya ja shi baya iya inda ramin ƙusarsa ya ƙare, bai isa ba. Ya karya guntun tsohon zarto ya cusa a ƙarƙashi, ya ɗaure. Bel ya ɗan yi tauri. Suka tayar, suka gwada. Sau tara layi yana haɗuwa. A na goma ya gota.

Wada ya dafe kai. "In na ƙara ja, tsinkewa zai yi."

"Kada ka ƙara."

Ta san abin da ya rage. Gudun da sanda ke yi in za ta nemi mazauninta ba a cikin rubutunta yake ba. Yana cikin paramet. In aka rage shi, birkin zai zo a hankali, bel ba zai yi tsalle ba. Ta goge hannu da tsumma, ta nufi ƙofa za ta gidan dirakta, sai ta gan shi tsaye a jikin taga. Ashe bai tafi ko'ina ba.

"Mushe, lamba ɗaya ce. Gudun neman mazauni. Ɗari biyu ne yanzu, ina son in mai da shi arba'in."

"Na ce miki mi da safe?"

"Ka ce kada in shiga. Shi ya sa na zo."

"In kika taɓa wadda ba ita ba?"

"Ga littafin injin, shafin a buɗe. Ka karanta da kanka, ka tsaya a kaina."

Imrana ya karɓi littafin, ya ciro tabarau. Ya karanta sakin layin, ya koma farko ya sake karantawa, leɓensa yana motsi. Ladan ya kira azahar daga masallacin bakin hanya. Hamidu ya buga gindin sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ba da nufin kowa ba.

"Ba ni takarda," in ji Imrana. Ya rubuta lambar paramet ɗin da tsohon adadinsa, ya ninke ya sa a aljihun gaba. "In an gama, ki mai da shi yadda yake, ina kallo."

"Sai an sami sabon bel, Mushe. Kafin nan gara a bar shi."

Ya dube ta ta saman tabarau. "To. Danna."

Ta danna huɗu sau biyu bisa kuskure, ta goge. Arba'in. Ta ba da M19. Wannan karon sandar ta taho a hankali kamar mai tsoron taka wani abu, ta zo ta tsaya ba ƙara. Layi ya haɗu. Wada ya fara ƙirgawa da ƙarfi. Sai da suka kai ashirin, bai gota ko sau ɗaya ba.

Mazan suka yi salla a inuwar baranda, ita ta yi tata a ofis, ta dawo tana gyara ɗankwali. Ta ɗaure dunƙule na biyu. Yanzu ta san gudun da ƙarfen ke so, ɗari uku da sittin daga farko, lambar kuma ta tsaya wuri ɗaya a kan allo. Duk da haka firar ƙarfe ba ta gaggawa. Wada ya ce ta ƙara gudu ko kaɗan ne, ta yi kamar ba ta ji ba. Ya fita ya duba gazuwal ɗin gurup, ya dawo ya ce saura kamar yatsa uku a gindin tanki. Ya sake fita ya sake dubawa.

Da aka zo huji ba ta yarda ta huda kai tsaye ba. Ta sa ƙarfen hujin ya ɗan taɓa kawai, ɗigo shida. Ta shafa baƙin mai a kan ƙusoshin ɗaya faifan, ta buga su a takarda, ta yanke takardar ta ɗora a kan aikin. Ɗigo shida suka faɗa tsakiyar tabo shida. Ta kira Hamidu.

"Baffa, duba mini. Idonka ya fi nawa."

Ya sunkuya ya daɗe. "Sun zauna."

Ta huda. Ta kwance. Wada ya kifa mai ƙusoshin, ya danna da tafin hannu, ya shige ya zauna daram, ko motsi babu.

Uku saura kwata. Hamidu ya riga ya kai bakin moto.

"Ni ma za ni," in ji Basira. "In ramin tsakiya ya matse, ni na san inda zan taɓa."

"Mu uku a moto, cikin rairayi?" in ji Wada.

Imrana ya shiga gida ya fito da makullin tsohuwar fikof ɗinsa. Ya miƙa wa Wada. "Giya ta biyu tana fita da kanta, ka riƙe ta da hannu." Suka ɗora moto a baya suka ɗaure da igiya.

Hanyar ta yi musu tsawo. Bayan sun bar jan titin laterit suka shiga rairayi, gonaki fayau babu ko kara, sai aduwa nan da can. Hamidu yana tsakiya, waya a hannu, yana kira ba ta shiga. Sau ɗaya ta shiga, aka ɗauka, kafin ya gama sallama ta yanke. A wani kwari motar ta nutse har gindi. Suka sauka, Wada ya rage iskar taya, Basira da dattijon suka tura, rairayin yana ƙona mata ƙafa ta cikin takalmi. Da motar ta fita suka koma ciki. Faifan yana kan cinyarta a naɗe cikin tsumma, tana ta shafa bakin hujin da babban yatsa.

Biyar ta wuce suka hango tankin foraj a kan ƙafafunsa. Tun daga nesa Hamidu ya daina taɓa waya. Filin da ya kamata ya cika da shanu babu kowa, sai kashi da sawu, sawun kuma duk kudu ya nufa.

Ba duka aka tafi da su ba. A inuwar wata bagaruwa maruƙa suna ɗaure a igiya ɗaya, ga kuma shanu kamar ashirin, ramammu da masu ciki, wasu a kwance. Wata mata ta taso daga cikinsu da sanda a hannu. Lalla ce, matar Hamidu. Ta yi magana da Hausa don baƙi su ji.

"Lurwanu bai kai awa ɗaya da tafiya ba. Ya jira har inuwa ta juya. Na ce waɗannan ba inda za su, in zai kora su sai ya bi ta kaina." Ta nuna bayan bagaruwar da haɓa. "Jar nan tsohuwa ta faɗi da azahar. An yanka."

Hamidu ya dubi wajen, ya kau da kai. "Wada, mu je."

Ɗakin famfon ɗan ƙarami ne, na bulo, zafi a ciki kamar tanda. Wada ya zura faifan a sandar famfo, ya tsaya rabi. Basira ta karɓa, ta duba, ta ga tsatsa ce a jikin sandar ba ramin ba. Ta goge ta da takardar yashi, ta shafa mai, ya shige. Suka matso da injin, ƙusoshi suka shiga mazauninsu, Wada ya ɗaure komai ya sake bi. Mai gadin foraj ya juya hannun tayarwa. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama.

Basira ta ɗora tafin hannu a jikin famfon. Yana kaɗawa sumul, babu bugu. Amma ruwa bai zo ba. Minti ɗaya, biyu. Matan da suka taru da jarkoki suka matso kusa. Wada ya kara kunne a bututu, ya ɗaga hannu. Sai bututun ya yi kaki, ya tofar da iska da jan ruwa, sannan fari ya biyo.

Shanun da ke kwance suka fara yunƙurin tashi tun kafin ruwan ya kai kwami.

Hamidu ya cire rawaninsa ya tsoma shi cikin ruwan har ya jiƙe sharkaf, ya naɗa a wuya. "In na ce ma Lurwanu da baki ba zai yarda ba," in ji shi. Wada ya riga ya sauke moto. Suka bi sawun garken, ƙura ta rufe su.

Lalla ta miƙo wa Basira sanda. "Malama, taimaka. Kada ki bar kowace ta sha ta ƙoshi, cikinta zai ɓaci. Ta sha kaɗan, ki kore ta, ta dawo."

Basira ba ta taɓa korar saniya ba. Ta farko ta ture ta har ta faɗa cikin taɓo, matan suka yi dariya, ita ma ta yi. Ta tashi ta riƙe sandar da hannu biyu yadda ta ga Lalla ta yi. Haka suka yi ta fama har rana ta faɗi. Duk bayan ɗan lokaci takan bar kwamin ta ruga ɗakin famfo ta dafa shi, ta dawo.

A rugar ta kwana. Garken bai dawo ba sai washegari da hantsi, don sun cim ma Lurwanu da nisa, shanun kuma sun gaji, dole aka kwana a daji. Wata karsana ta rage a hanya. Sauran suka iso a guje da suka ji ƙanshin ruwa, makiyaya suna ihu suna tare su.

Bayan an lafa, wani mutum gajere mai faɗin kafaɗa ya zo ƙofar ɗakin famfo, inda Basira take tsugune tana duba ƙusoshi. Lurwanu ne. Idonsa ja, leɓensa a fashe. Ya gaishe ta a taƙaice, ya leƙa faifan da ke juyawa.

"Ke kika yi shi?"

"Ni ce."

"Zai sake fashewa?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Ƙarfen mai kyau ne, hujin daidai yake. Amma kada a soke na Yamai, a bar shi ya zo a ajiye. Kowace safiya wani ya dafa nan, kamar haka. In ya ji bugu, a kashe, a kira Yaya Wada. Kada a ce bari shanu su gama sha."

Lurwanu ya sunkuya ya shigo, ya ɗora hannunsa inda ta nuna. Ya daɗe a haka, kansa a karkace.

"Haka ya kamata in ji?"

"Haka."

Ya gyaɗa kai, ya fita wajen shanunsa. A waje Wada yana ta danna ham, wai ana nemansa a garin Cake kafin azahar.